Yadda Ake Bin Sawun Kakan da Kotun Birtaniya Ta Kora Zuwa Ostireliya

Tsakanin 1788 da 1868 Birtaniya ta kwashi fursunoni kusan 162,000 a jiragen ruwa ta kai su Ostireliya, kimanin 25,000 daga cikinsu mata ne. Akwai ɓarayin tumaki da masu yankan aljihu, akwai masu buga jabun kuɗi, akwai sojojin da suka tsere daga bariki, akwai 'yan tawayen Ailan, har da yaran da ko gemu bai fito musu ba. Mafi yawansu ba su sake ganin gida ba. Can suka yi aure, can suka hayayyafa, yau zuri'arsu miliyoyi ce. Wannan jagora na wanda ke zaton akwai irin wannan kaka a salsalarsa ne, ko a salsalar wadda ya aura, wato kakannin 'ya'yansa ta wajen uwa. Ɗalibin tarihi ma zai amfana, haka mai yi wa mutane binciken asali a biya shi.

Aikin yana yiwuwa saboda dalili guda. Talakan Ingila na wancan zamani da bai taɓa shiga hannun hukuma ba, da ƙyar sunansa ke shiga takarda in ban da ranar baftisma da ranar aure da ranar binnewa. Fursuna kuwa gwamnati ta auna tsayinsa, ta rubuta launin idonsa, ta ƙirga tabon jikinsa, ta lissafa bulalar da aka yi masa. Yawancin takardun nan suna nan, kuma da dama an ɗora su a intanet kyauta.

Fara daga kanka ka riƙa komawa baya

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane lokaci shi ne su buga sunan gidansu a rumbun sunayen fursunoni, su ga wani mai irin sunan, su rungume shi. Masu suna John Smith da Mary Ryan a cikin waɗannan kundaye ba su ƙirguwa. Abin da ya kamata shi ne ka fara da wanda ka tabbatar, iyaye sannan kakanni, kana haɗa kowane mutum da iyayensa da takardar haihuwa ko ta aure ko ta mutuwa, har ka kai ga wanda aka haifa a ƙetare ya mutu a Ostireliya. In tsani ɗaya ya ɓace, tsaya nan ka nemo shi, kada ka tsallake.

Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara a Tasmaniya a 1838, a Yammacin Ostireliya a 1841, a Victoria a 1853, a New South Wales a 1856. Kafin waɗannan shekaru sai kundayen coci. Takardar mutuwa ta New South Wales da ta Victoria ta fi kowacce amfani, domin tana da gurbin garin haihuwa, da sunayen iyaye, da adadin shekarun da mamacin ya yi a ƙasar. Wanda ya rasu a 1870 aka rubuta ya shekara 40 a can, ka san wajen 1830 za ka nemi isowarsa. Sai dai ka tuna ɗa ne ko maƙwabci ya ba da bayanin, kuma wani lokaci da gangan ake ƙara ko rage shekaru don a ɓoye asali.

Ɓoyewar ta daɗe. Har tsakiyar ƙarni na 20 samun fursuna a dangi abin kunya ne a Ostireliya, shi ya sa gidaje da yawa suka gaji labarin cewa kaka matuƙin jirgi ne, ko soja, ko ɗan babban gida da ya yi fushi da mahaifinsa ya bar gari. In labarin gidanku ya yi santsi haka, kuma sunan mutumin bai fito a jerin fasinjojin da suka zo da 'yancinsu ba, to lokaci ya yi da za ka leƙa kundin fursunoni.

Shekara ce ke nuna inda aka kai shi

Daga 1718 zuwa 1775 Amurka ake kai fursunonin Birtaniya, musamman Maryland da Virginia, mutum wajen 50,000. 'Yan kasuwa ne ke ɗaukar kwangilar jigilar, su sayar da aikin fursunan ga masu gonakin taba, saboda haka babu wani kundi guda na gwamnati da ke bin rayuwarsu bayan sauka. Mai neman kaka na wannan zamani ya fara da jerin sunayen da Peter Wilson Coldham ya tattara daga takardun kotuna. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya rufe wannan ƙofa, daga 1776 sai aka riƙa tsare su a tsofaffin jiragen ruwa da aka mayar kurkuku a kogin Thames da tashoshin kudancin Ingila. A farkon shekarun 1780 an gwada tura wasu sansanonin gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau a matsayin sojoji, zazzaɓi ya yi musu ɓarna, a 1785 kuma aka yi shawarar tsibirin Lemain a kogin Gambiya, aka fasa.

Ayarin farko na jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip ya bar Portsmouth a watan Mayu 1787, ya isa Ostireliya a Janairu 1788. New South Wales ta karɓi fursunoni har 1840, in ban da 'yan jiragen da aka sake turawa wajen 1849. Tasmaniya, wadda a takardun lokacin sunanta Van Diemen's Land, ta karɓa har 1853. Yammacin Ostireliya ta fara a 1850 da jirgin Scindian, ta rufe da Hougoumont a Janairu 1868, mutum ƙasa da 10,000 kaɗan, dukansu maza. Saboda haka macen da aka ce an koro ta a 1860, labarin na da gyara. Bamuda da Jibralta ma an kai fursunoni aikin gina tashar jiragen ruwa, amma waɗannan yawanci ana mayar da su Ingila.

Nemo jirgin

A nan ne gizo ke saƙa. A ƙauyenmu in ka ce Audu, sai an tambaye ka na gidan wa. A takardun fursunoni sunan jirgi shi ne gidan. Duk inda akawu ya rubuta sunan mutum, a takardar aure ko ta bulala ko ta afuwa ko ta asibiti, sai ya biyo shi da sunan jirgin da ya kawo shi, ko da an shekara talatin da saukarsa. Ba ka sami kakanka ba sai ka sami suna da jirgi da shekara tare, domin jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa. Jirage masu suna Asia, alal misali, sun yi ta zuwa a shekaru daban-daban.

Mafarin nema shi ne kundin da ke Babbar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Birtaniya a Kew mai lamba HO 11, wanda ya ƙunshi 1787 zuwa 1867. Laburaren Jihar Queensland ya juye shi zuwa rumbun da ake bincikawa kyauta, da sunaye sama da 123,000. Zai ba ka jirgi, da ranar tashi, da wurin shari'a da ranarta, da tsawon hukunci: shekara 7, ko 14, ko rai da rai, daga baya aka ƙara 10 da 15. Ba ya faɗin laifin. Kuma giɓin da ke tsakanin 123,000 da 162,000 yawanci 'yan Ailan ne da jiragensu suka tashi daga Cork ko Dublin, da waɗanda kotunan soja ko na ƙasashen mulkin mallaka suka yanke wa hukunci. Rashin ganin suna a nan ba hujja ba ce cewa mutum ba fursuna ba ne.

Cikin wannan rukuni na ƙarshe akwai 'yan Afirka da jikokinsu, daga Cape da Morishos da tsibiran Karebiyan. David Stuurman, jagoran ƙabilar Khoi ta Afirka ta Kudu da ya yi wa Turawa turjiya, an kai shi Sidni a 1823, can ya rasu a 1830. Tun a ayarin farko ma akwai baƙar fata, irin su John Caesar. Kada launin fatar dangi ya sa ka yanke cewa wannan tarihi bai shafe su ba.

Rubuta sunan ta kowace fuska kafin ka daina nema. Akawu da kunne yake rubutu, fursunoni da yawa kuma ba su iya karatu ba balle su gyara masa. Wasu da sunan ƙarya aka kama su. Matar da hotonta ke kan takardar dala 20 ta Ostireliya, Mary Reibey, sunanta na yanka Molly Haydock, an kama ta da satar doki tana yarinya cikin kayan maza da sunan James Burrow, ta isa Sidni a 1792 a jirgin Royal Admiral, sannan ta ɗauki sunan mijinta bayan aure a 1794. Mutum ɗaya ke nan da suna uku. Mata kam kusan kullum da sunan da aka yi musu shari'a hukuma ke ci gaba da kiransu, ko sun yi aure.

Abin da aka rubuta ranar sauka da bayanta

Kafin a sauke fursunoni jami'ai kan hau jirgi su yi wa kowa tambayoyi. Wannan rajistar isowa, da za ka gani a shafukan bincike da sunan indent, ita ce ƙashin bayan aikinka. Ta shekarun farko ba ta da yawa, suna ne da kotu da hukunci. Daga tsakiyar shekarun 1820 sai ta cika: shekaru, garin haihuwa, sana'a, addini, ko ya iya karatu da rubutu, ko yana da aure da 'ya'ya nawa, laifinsa, ko an taɓa ɗaure shi, tsayi, launin gashi da ido, tabo, da jarfar da ke jikinsa. Kada ka raina jarfar nan. Haruffan da mutum ya zana a damtsensa sau da yawa farkon sunayen iyayensa ne ko matarsa ko 'ya'yansa, kuma su ne za su raba maka gardama in ka sami iyalai biyu masu suna ɗaya a gari ɗaya.

Wanda kakansa ya faɗa Tasmaniya ya yi sa'ar takardu, ko da yake shi kakan bai yi sa'ar wuri ba. Gwamna George Arthur, wanda ya yi mulki daga 1824 zuwa 1836, ya sa an buɗe wa kowane fursuna shafi ana rubuta duk motsinsa. Kundin halin maza shi ne CON31, sai CON33 na zamanin da aka koma tara su a sansanonin gwaji daga farkon shekarun 1840, na mata kuma CON40 da CON41. Ka buga suna a Tasmanian Names Index, hoton shafin zai fito maka kyauta. A saman shafin akwai abin da gandirobobin Ingila suka ce game da shi, da abin da shi kansa ya faɗa da bakinsa a kan laifinsa da danginsa. A ƙasa kuma jerin kwanaki ne: ya bugu, ya yi wa maigida rashin kunya, ya bar aiki ba izini, bulala 25, wata shida da mari a ƙafa yana aikin hanya, an tura shi sansanin horo na Port Arthur. Mata kuma gidan aikin Cascades da ke Hobart ake mayar da su, har da waɗanda laifinsu ɗaukar ciki ne kawai.

Karanta wannan shafi a hankali, layi-layi, ka juye shi da hannunka, domin cike yake da gajerun kalmomi, kuma in wuri ya ƙare akawu kan bi gefe ya ci gaba. Ka kuma san mai riƙe da bulala ne ya rubuta shi. Yarinyar da aka rubuta wa taurin kai sau biyar a gida ɗaya, ta koma wani gida ta shekara uku ba ko ƙorafi, ni ina ganin shafin ya fi ba da labarin maigidan farko fiye da nata.

A New South Wales an lalata da yawa daga irin waɗannan kundayen hali, sai ka haɗa labarin daga gutsattsari. Ma'ajiyar jihar tana da fihirisar fursunoni a intanet, da fihirisar wasiƙun Sakataren Mulki na 1788 zuwa 1825. Ƙidayar Nuwamba 1828 kuma ta kawo mutum sama da 36,000, kowa da shekarunsa da jirginsa da wurin aikinsa da matsayinsa: CF wanda ya zo da 'yancinsa, BC haifaffen can, GS wanda ke cikin wa'adi, FS wanda ya gama. Na Yammacin Ostireliya kuwa, fara da rumbun sunaye na Kurkukun Fremantle, sannan ma'ajiyar jihar a Perth.

Takardun fita daga ƙangi iri huɗu ne, kuma kowacce na nuna inda mutum yake a wata shekara. Tikitin sassauci, TL a gajarce, yana ba shi damar yin aikin kansa a cikin gunduma guda. A ƙa'idar ƙarshen shekarun 1820 mai shekara 7 kan nema bayan 4, mai 14 bayan 6, mai rai da rai bayan 8, in halinsa ya yi kyau. Takardar 'yanci ta wanda ya cika wa'adinsa ce. Afuwa mai sharaɗi, CP, ta 'yanta shi amma ta hana shi komawa Birtaniya, cikakkiyar afuwa, AP, ita ce ta buɗe masa hanyar gida. Wanda ke cikin wa'adi sai da izinin gwamna yake aure, kuma takardun neman izinin suna nan, a Tasmaniya lambarsu CON52, da sunan ango da amarya da jirgin kowannensu. Sau da yawa wannan takarda ce ke ɗaure kakan da ka sani da fursunan da kake zato.

Sai jaridu. Trove, na Laburaren Ƙasa na Ostireliya, kyauta ne, kuma yana da Sydney Gazette tun daga 1803. Buga sunan mutum tare da sunan jirgi. Za ka ga sanarwar tikiti, da cigiyar waɗanda suka gudu da cikakken kamanninsu, da rahoton kotu. Ka shirya wa abin da za ka gani. Ba kowa ne ya saci burodi don yunwa ba, kuma da yawa an tura su kiwo a filayen da ake ƙwacewa daga 'yan asalin ƙasar. Waɗanda suka kashe 'yan asalin ƙasar aƙalla 28 a Myall Creek a 1838 galibinsu fursunoni ne da tsofaffin fursunoni, an rataye bakwai. In sunan kakanka ya fito a irin wannan, rubuta shi yadda yake.

Komawa kotun da ta yanke hukunci

Yanzu kana da wurin shari'a da ranarta. In a Landan ne ko Middlesex, shafin Old Bailey, babbar kotun laifuka ta Landan, yana da rahoton shari'o'i daga 1674 zuwa 1913 kyauta, da maganar shaidu, wani lokaci da 'yar kariyar da wanda ake tuhuma ya yi wa kansa. Shafin Digital Panopticon kuma yana ƙoƙarin haɗa wannan rahoto da takardun Ostireliya, sai dai kwamfuta ce ta yi haɗin, ka tantance da idonka.

In a wajen Landan ne, kotu iri biyu ce. Manyan laifuka na kotun zagaye ne, wadda alƙalai ke zuwa yawanci sau biyu a shekara, takardunta suna Kew ƙarƙashin ASSI. Ƙananan kuma na kotun gunduma ne mai zama sau huɗu a shekara, nata takardun suna ma'ajiyar kowace gunduma, sai ka rubuta musu. Kundin HO 27, daga 1805, da HO 26 na Middlesex za su ba ka laifi da hukunci a taƙaice. Hattara da takardar tuhuma: kusan kowane namiji lebura take kiransa, kuma garin da ta ce nasa ne yawanci inda aka yi laifin ne kawai. Kada ka je neman baftismarsa a can. Jaridun gundumar, da ke British Newspaper Archive da kuɗi, sun fi faɗin gaskiyar ko shi wane ne.

Abu biyu na ruɗa sabon mai bincike. In ka ga an rubuta hukuncin kisa, ba lallai an rataye shi ba, dubbai an sassauta musu zuwa kora. In kuma ka ga an ƙiyasta kayan sata a kan sule 39, ba daidaituwa ba ce: satar sule 40 a cikin gida hukuncinta kisa ne a lokacin, masu taya alƙali yanke hukunci sai su rage kuɗin don su ceci ransa.

Tsakanin kotu da teku maza kan yi watanni ko shekaru a jiragen kurkuku na Woolwich ko Chatham ko Portsmouth, kundayensu HO 8 da HO 9. Wasu nan suka mutu, wasu nan suka gama wa'adi, saboda haka hukuncin kora kaɗai bai tabbatar da tafiya ba. Daga 1815 kowane jirgi na da likitan sojan ruwa mai kula da fursunoni, bayan munanan tafiye-tafiye irin na ayari na biyu a 1790 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu a hanya. Littattafan likitocin suna ADM 101. Ko sunan kakanka bai fito cikin marasa lafiya ba, za ka san irin watanni huɗu ko biyar da ya yi a teku.

Takardar da na fi so mai bincike ya nema ita ce ta koke. Suna HO 17 na 1819 zuwa 1839, da HO 18 na 1839 zuwa 1854, sai rahotannin alƙalai a HO 47. A nan uwa ke roƙon a bar mata ɗanta, mata ke lissafa 'ya'yan da za su kwana da yunwa, tsohon maigida da limamin coci da maƙwabta ke sa hannu. Ba kowane fursuna aka rubuta wa ba, amma in akwai, za ta ba ka sunayen dangi da adireshi da sana'a a shafi ɗaya, daga bakin waɗanda ke ƙaunarsa.

Ailan da Sikotlan

Na Ailan da wuya. Gobarar ginin kotuna na Four Courts a Dublin a 1922 ta cinye ma'ajiyar ƙasar, har da rajistar kora ta kafin 1836. Abin da ya tsira, rajistar 1836 zuwa 1857 da takardun koke masu yawa, Ma'ajiyar Ƙasa ta Ailan ta yi masa rumbun bincike kyauta. Wanda aka kora kafin 1836, rajistar isowa ta Ostireliya da jaridu ne madogararka. Sikotlan kuwa ba ta kori mutane da yawa ba, amma takardunta a Edinburgh suna da daɗin aiki, musamman AD14, bayanan shaidu da na wanda ake tuhuma da aka ɗauka kafin shari'a.

Waɗanda aka bari a gida

Da garin haihuwa da shekaru da sunayen dangi a hannunka, sai ka shiga kundayen coci a FamilySearch kyauta, ko Ancestry da Findmypast da kuɗi. Ba wa shekarun haihuwa rata ta biyu ko uku kowane gefe. Rajistar gwamnati a Ingila da Wales ta fara ne a Yuli 1837, saboda haka mafi yawan fursunoni baftismarsu za ka nema. Duba ƙidayar 1841 da ta 1851 don matar da aka bari. Za ka iya samunta a gidan gajiyayyu da 'ya'yanta, ko ta kira kanta wadda miji ya mutu, ko ta sake aure, domin mutane da yawa sun ɗauka rabuwar shekara bakwai da teku a tsakani ta kashe aure. Shi ma mijin a can yakan yi haka. Gwamnati ta kan kai wa wasu masu kyakkyawan hali iyalansu kyauta, kuma takardun neman hakan suna cikin wasiƙun Sakataren Mulki.

In sawun ya ɓace bayan 'yanci, duba Victoria. Da aka gano zinariya a 1851 dubban tsofaffin fursunonin Tasmaniya sun tsallaka can, Victoria ta yi doka a 1852 don tare su, da yawa kuma suka sauya suna. Irin wannan giɓi ne gwajin DNA ke iya cikewa: in kai da jikokin ɗan'uwan da ya zauna a Ingila kuka dace, kuma takardunku suka kai ga iyaye ɗaya a coci ɗaya, to zaton ya yi ƙarfi. Kowace takarda ka samu, rubuta lambarta da ma'ajiyarta da shafinta a take, ka ajiye hotonta, ka kuma ware abin da takarda ta faɗa daga abin da kai ka yi hasashe.